Kabon a Itace, Kabon a Ƙasa: Nazari kan Gandun Turare a Tsofaffin Filayen Kuza na Rayfield, Jos

Tsakure

Wannan takarda ta dubi itatuwan da aka dasa a tsofaffin filayen haƙar kuza na Rayfield da kewayenta, da ƙasar da suke tsaye a kanta, ta fuskar adana kabon. Ta dogara a kan binciken da aka riga aka wallafa game da tudun Jos, da ƙa'idojin awo da masana suka amince da su. Abin da take ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ƙirga itatuwa da auna kaurinsu ba ya isa a ce wuri ya zama taskar kabon. A filin da haƙar ma'adinai ta birkice, ƙasa ce ke faɗin gaskiyar lamari, kuma tarihin gandun turare a Filato ya nuna itace na iya yin tsawo alhali ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana ƙara lalacewa.

Gabatarwa



A shekarar 2021 Nijeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa nan da 2060 iskar kabon da take fitarwa ba za ta wuce wadda take shanyewa ba, kuma a wannan shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ƙasar ta kuma ɗauki alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 4 na lalatacciyar ƙasa kafin 2030. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, har da Filato. A duk waɗannan tsare-tsare dashen itace ne kan gaba, kuma rahoton da aka fi kawowa shi ne yawan tsiron da aka dasa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, bayan shekara 20 ko 30, ina kabon ɗin ya shiga, kuma har yaushe zai zauna a can?

Tudun Jos na daga cikin wurare ƙalilan a Arewa da za a iya neman amsar wannan tambaya da hujja, domin an fara dasa itatuwa a lalatacciyar ƙasarsa tun zamanin Turawa, an kuma dawo an auna ƙasar bayan shekaru.

Wurin da ake magana a kai

Rayfield tana cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, a ƙasar Birom, tsakanin birnin Jos da Bukuru. Tudun ya haura mita 1,200 daga doron teku, tsaunukan Shere kuma sun zarce mita 1,800. Ruwan sama ya kai kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, sannan rani na wata biyar ya biyo baya da hunturu mai tsananin sanyi. A ƙa'ida, sanyi yana rage saurin ruɓewar ganye da saiwa, don haka ana sa ran ƙasar tudu ta fi ta Kano ko Katsina riƙe kabon. Sai dai wannan zato yana aiki ne a ƙasar da aka bari yadda take.

Ta Rayfield ba a bar ta ba. Dutsen da ke ƙarƙashinta, wanda masana duwatsu suka raɗa wa suna da Rayfield-Gona, yana cikin duwatsun da kuza ta fito daga jikinsu, ruwa ya wanke ta tsawon zamani ya jibge a tsofaffin hanyoyin rafi da ƙasa ta binne. Kamfanonin Ingila sun fara haƙa a farkon ƙarni na 20, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an fitar da sama da tan 17,000 na kuza, da gumin dubban mutanen da aka ɗebo daga lardunan Arewa don aikin tilas. Barikokin kuza sun cinye itacen girki na tudun, manyan injinan haƙa kuma suka juye ƙasa: ta sama mai taki ta koma ƙarƙashi, yumɓu da yashi da tsakuwa na can ciki suka hau sama. Abin da aka bari shi ne tsibin ƙasa da kududdufai masu zurfi. Tafkin da ake zuwa shaƙatawa a Rayfield a yau ramin kuza ne da ruwa ya cika. An ƙiyasta filin da haƙa ta ɓata a kan kusan murabba'in kilomita 320, wato wajen kashi 4 cikin 100 na tudun, kuma mafi yawansa yana tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyara filin da aka haƙa, kuma a ƙarshen shekarun 1940 aka kafa sashen farfaɗo da filayen ma'adinai. Tsarinsu shi ne a baje tsibi, a cike ramin da zai ciku, a dasa turare, musamman nau'in Eucalyptus camaldulensis. Manufar ita ce itacen ya gyara ƙasa, ya ba da itacen girki da sandunan gini, daga baya a mayar wa manoma gonakinsu. Kaɗan ne daga cikin filin aka gyara kafin kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, amma gandun da aka dasa sun rayu, kuma su ne suka ba Jos kamannin da baƙo ke fara gani.

Kabon da ke tsaye

Auna kabon da ke jikin itace ba shi da wuya. Ana auna kaurin gindi a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a auna tsawon itacen, a nemi nauyin katakonsa idan ya bushe, sai a zuba a ma'aunin lissafi. Wanda aka fi amfani da shi a ƙasashe masu zafi shi ne na Chave da abokan aikinsa na 2014. Mu ɗauki misali don a ga girman abin: turare mai kaurin santimita 30 da tsawon mita 20, idan aka ɗauki nauyin katakonsa a giram 0.7 a kowace santimita kubik, zai ba da busasshen nauyi wajen kilo 680 a saman ƙasa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa kashi 47 cikin 100 na wannan nauyi a matsayin kabon, wato wajen kilo 320. A ninka da 3.67, an sami fiye da tan 1 na iskar kabon da itacen ya janye daga sararin sama. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na musun cewa turare gwani ne a wannan fanni. Itatuwa kaɗan ne za su yi irin girmansa a kan tsakuwar kuza.

Matsalar ita ce wannan kabon baƙo ne. Turare a Jos ba a barin sa ya tsufa. Ana sare shi, ya sake toho daga kututture, a sake sarewa. Abin da ya tafi murhu ko gidan burodi ya koma sama a ranar da aka ƙona shi, sandar da aka kafa wa magina su taka ta yi 'yan shekaru ta ruɓe. Wanda ya auna gandu ana gobe za a sare shi, ya rubuta adadin a matsayin taska, ya yi kuskure. Adadin da ya dace a rubuta shi ne matsakaicin abin da ke tsaye tsawon zagayen sara da toho, kuma wannan bai cika wuce rabin abin da ake gani a ranar sara ba. Akwai kuma wani abin lura: an gina ma'aunin Chave a kan itatuwan da aka sare aka auna a dazuzzuka masu yawa na ƙasashe masu zafi, ba a kan tohon kututture mai rassa huɗu ko biyar ba. Kafin a yarda da shi a Rayfield sai an sare wasu itatuwa a nan an ɗora su a sikeli.

Kabon da ke kwance

A duniya baki ɗaya, mita ɗaya ta saman ƙasa tana riƙe da kimanin tan biliyan 1,500 na kabon da ya samo asali daga tsirrai da dabbobi. Wannan ya fi wanda ke sararin sama, ya kuma ninka wanda ke jikin tsirrai fiye da sau biyu. Bambancinsa da na itace shi ne daɗewa. Idan ruɓaɓɓen ganye da saiwa suka manne da ƙwayoyin yumɓu da tsatsar ƙarfen da ke cikin jar ƙasa, ƙananan halittu ba sa iya cinye su da sauri, sai su yi gomman shekaru, wani lokaci ɗaruruwa.

Lissafinsa ma mai sauƙi ne a takarda. Hekta 1 zuwa zurfin santimita 30 tana da mita kubik 3,000 na ƙasa. Idan kowace mita tana da nauyin tan 1.4, ƙasar ta kama tan 4,200. Kabon kashi 1 cikin 100 ya zama tan 42, rabin kashi ya zama tan 21. Amma idan kashi 30 cikin 100 na wannan wuri tsakuwa ce da marmara, waɗanda ba sa riƙe komai, tan 42 ya sauko ƙasa da 30. Yawancin rahotannin ɗalibanmu suna tsayawa a kason kabon, ba sa auna nauyin ƙasar a yadda take a fili, ba sa cire tsakuwa. A ƙasar kuza wannan sakaci na iya sauya amsa gaba ɗaya.

Akwai tarko na biyu da ya fi wannan ɓoyuwa. Filin da katafila ta baje ya daddale, don haka santimita 30 ɗinsa ta fi ta gonar da garma ta sassauta nauyi. Idan aka kwatanta su a zurfi ɗaya, daddalallen filin zai fito da kabon mai yawa alhali ƙasa ce kawai ta fi yawa a cikin awon. Maganin wannan shi ne a kwatanta nauyi da nauyi, ba zurfi da zurfi ba. Na uku kuma yana ɗakin gwaji. Hanyar Walkley da Black ta 1934, wadda ita ce a hannun yawancin jami'o'inmu, tana kama wajen kashi uku cikin huɗu ne na kabon, sai a cike giɓin da ninkawa da 1.3. Ba ta kama gawayi sosai, ga shi kuwa ƙasar da wutar daji ke bi kowane rani, ko wadda aka zuba wa toka, cike take da ɓurɓushinsa.

Abin da aka gani a Filato

A shekarun 1980 jami'o'in Jos da Durham ta Ingila sun yi aikin haɗin gwiwa kan albarkatun muhallin tudun. A cikinsa ne Michael Alexander ya auna ƙasar da ke ƙarƙashin gandun turare na filayen kuza, ya wallafa sakamakon a 1989. Bayan shekara 15 zuwa 20 da dashe, ƙasar ba ta zama abin da aka yi fata ba. Tsaminta ya ƙaru, sinadaran da shuka ke buƙata irin su kalsiyam da magnesiyam sun ja baya. A wannan shekarar ya wallafa wani bincike kan gawo da ya tsiro a irin wannan ƙasa, inda ya tarar ƙasar gindinsa ta inganta, har ya ba da shawarar a yi amfani da shi wajen farfaɗo da filayen.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Turare yana zuƙo kalsiyam daga ƙasa ya tara a ɓawonsa da katakonsa, sai a sare a loda a mota, sinadarin ya bar filin ke nan har abada. Ganyensa mai mai ne da tauri, yana jinkirin ruɓewa, ya kwanta a sama har wutar rani ta zo ta lashe shi ko masu neman makamashi su share. Ciyawa ba ta yin kauri a ƙarƙashinsa, alhali saiwar ciyawa, wadda ke mutuwa tana sabuntawa kowace damina, ita ce babbar hanyar da kabon ke shiga ƙasa a yankin dajin ciyawa. Yumɓun tudun kuma irin wanda ba ya riƙe sinadarai da yawa ne, don haka ba shi da juriyar da zai tare tsami. Gawo kuwa yana da ƙwayoyin halitta a saiwarsa masu kamo naitirojin daga iska, yana zubar da ganye da damina lokacin da ƙasa ke da laimar ruɓar da shi, da rani shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Manomin Maraɗi da Damagaram ya san wannan tun kaka da kakanni, kuma a kansa aka gina aikin rainon tohon itatuwa a gona da ya bazu daga Maraɗi tun shekarun 1980, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5.

Sakamakon Jos bai saɓa wa na sauran duniya ba. Guo da Gifford sun tattara bincike daga ƙasashe da dama a 2002, suka ga cewa mayar da gona gandun itace yana ƙara kabon ƙasa da kashi 18 cikin 100, amma mayar da makiyaya gandu yana rage shi da kashi 10, mayar da kurmi na asali gandu kuma da kashi 13. A 2009 Berthrong da Jobbágy da Jackson suka nuna cewa dashen gandu kan saukar da ma'aunin tsamin ƙasa da kimanin 0.3, wato ƙasar ta ƙara tsami. Ma'ana, amsar ta dogara a kan abin da ke wurin kafin dashe. A filin kuza, inda aka fara kusan daga babu, kowane tsiro zai ƙara wani abu a 'yan santimitocin sama. Tambayar da ta dace ita ce wane ne ya fi ƙarawa, kuma me ya bari a ƙasar bayan an ɗauke shi.

A nan ne 'yan lambu suka ba masana mamaki. Hausawan da suka zo aikin kuza, da Birom masu ƙasa, sun mayar da kududdufan haƙa madatsun ruwa, da jigo da farko, daga baya da injin ban ruwa. Suna noman latas da kabeji da karas da tumatir a kan ƙasar da hukuma ta ɗauka matacciya ce. Binciken Alexander na 1996, da wanda ya yi da Kidd a 2000, sun nuna cewa waɗannan manoma sun gyara ƙasar fiye da yadda tsarin hukuma ya yi. Margaret Pasquini ta bi diddigin dabarunsu a lambunan gefen Jos: takin shanu da na kaji, takin zamani, da tokar juji da ake sayowa daga cikin gari, wadda ke kashe tsamin ƙasa. A ra'ayina wannan shi ne darasi mafi girma da tudun ya bayar, kuma shi ne aka fi yin watsi da shi a takardun tsare-tsare. Sai dai kada mu wuce gona da iri. Toka tana gyara tsami amma kabon ɗinta ya riga ya tashi da hayaƙi, kuma binciken ya nuna wata tokar na ɗauke da dalma da makamantanta, abin damuwa ga mai cin latas ɗanye. Takin da aka kwaso daga ruga kuwa kabon ne da aka ɗauko daga makiyaya aka sauke a lambu. Lambun ya ƙaru, amma a lissafin ƙasa baki ɗaya an sauya masa wuri ne kawai.

Batun ruwa ma ya cancanci a ambata ko da a taƙaice, tunda daga wannan tudu kogin Kaduna da Gongola suka taso, Dilimi kuma ta ratsa Jos ta gangara ta haɗu da Jama'are. Jackson da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa gandun itace na rage ruwan rafi da matsakaicin milimita 227 a shekara, kuma kashi 13 cikin 100 na rafukan da suka duba sun ƙafe ɗungurungum na aƙalla shekara guda. Turaren da aka jera a bakin kududdufi yana shan ruwa ɗaya da mai lambu.

Awon da ya kamata a yi a Rayfield

Rayfield tana da abin da wurare da yawa ba su da shi: a cikin tafiyar ƙafa za a sami tsibin kuza da ba a taɓa ba, da gandun turare mai shekaru, da lambun rani, da gonar acca ko dankalin Turawa da haƙa ba ta shafa ba. Duk suna kan dutse iri ɗaya, ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu. Kwatanci na gaskiya ke nan. Kuskuren da za a guje wa shi ne a haɗa su da ƙasar Vom ko Miango ko Panyam, inda duwatsun aman wuta suka ba da jar ƙasa mai zurfi da yumɓu, wadda za ta fi riƙe kabon ko da wane itace ke kanta. Gandun Amurum da ke Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis take, zai iya zama ma'aunin abin da itatuwan gida ke yi idan an kare su daga gatari.

Santimita 30 ba ta wadatar ba. Ƙa'idar duniya ce mafi ƙaranci, an kuma tsara ta ne don ƙasar da ke da sama da ƙasa a jere. A filin kuza tsohuwar ƙasar sama na iya kasancewa a binne a zurfin mita ɗaya ko fiye, kuma wanda ya ci karo da ita zai ɗauka turare ne ya tara. Sai a haƙa rami a ga shimfiɗun da ido kafin a ɗebi samfuri, a kai aƙalla mita 1, a auna nauyi da tsakuwa da tsami da kalsiyam a kowane mataki. A tambayi dattawan unguwa yaushe aka dasa, sau nawa aka sare, wa ke share ganyen, domin babu injin da zai ba da wannan labari. Sannan a kafa alamu na dindindin a dawo bayan shekara 5, tunda sauyin kabon ƙasa a shekara guda ya fi kuskuren awo ƙanƙanta. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos, wadda ta faro tun 1958, da Jami'ar Jos suna da ɗalibai da kayan aikin da za su iya wannan.

Abin da ke gaggauta lamarin shi ne gini. Rayfield ta zama unguwar masu hali, gidan gwamnati ma yana Little Rayfield, farashin fili kuma ya sa gandu da lambu duka ba za su iya gogayya da mai bulo ba. Duk wanda zai sa hannu a yarjejeniyar sayar da kabon ta shekara 20 ko 30 a kan irin wannan fili, sai ya fara sanin wa ke da shi: iyalan Birom da suka gada, ko mai lambun da ke haya, ko gwamnan da dokar filaye ta 1978 ta damƙa wa amanar filayen birni. Don haka nake ba da shawarar a fara ɗibar samfurin a gandun da suka fi kusa da sababbin gine-gine, a adana busasshiyar ƙasar a kwalabe da lambar wuri da kwanan wata, yadda ko an sare itatuwan an zuba kankare, za a iya sake gwada ta da na'urar ƙona samfuri idan an same ta.